Riƙon Amana Ko Yawan Riba? Yadda Addinin Kirista Ke Auna Nasara

Ranar 4 ga Disamba, 1893, wasu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas. Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada suka taso, Thomas Kent kuma daga Amurka, ba wanda ya kai shekara talatin a cikinsu. Babu wata ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinsu, don duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa an ce musu ba kuɗin irin wannan kasada. Burinsu su kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani, wato wannan faffaɗan yanki da ya haɗa da ƙasar Hausa da Barno. Wani babban ɗan mishan da suka tarar a Legas bai ɓoye musu komai ba. Ya ce su dai ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai ko jikoki.

Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas. Gowans da Kent suka nausa arewa, kuma kafin shekarar 1894 ta ƙare duka biyun sun riga mu gidan gaskiya: Gowans a Girku cikin ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Bingham ya koma Kanada hannu wofi. A 1900 ya sake dawowa, zazzaɓin ya sake kayar da shi cikin 'yan makonni, aka mayar da shi gida. Sai a yunƙuri na uku, a 1902, wasu abokan aikinsa suka samu suka kafa tasha a Patigi, a bakin Kwara. Kusan shekara tara ke nan ana fama, an binne mutum biyu, ba majami'a, ba makaranta, ba wani abin nunawa.

Daga wannan aiki ne ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, daga cikinta kuma aka samu ikilisiyar ECWA a 1954, wadda hedikwatarta ke Jos, mabiyanta kuma miliyoyi ne a yau. Asibitin ido na Kano, da asibitin Galmi a Nijar, da Jami'ar Bingham da ke Karu a jihar Nasarawa, duk rassan wannan itace ne.

Masu wa'azi na son wannan labari, kuma yawanci darasin da suke cirowa shi ne mai haƙuri yana tare da riba. Gaskiya ne, amma bai kai ga zurfin maganar ba. Gowans da Kent ba su ga komai ba. Shi kansa Bingham ya rasu a 1942, kafin a raɗa wa ECWA suna. Da a ce aikin ya mutu murus a Girku, ba wanda ya sake tahowa, shin rayuwar waɗannan samari biyu ta tashi a banza ke nan? Amsar da koyarwar Kirista ke bayarwa ita ce a'a. Ba miliyoyin da suka biyo baya ne suka wanke su ba. Abin da aka ɗora musu sun yi shi har iyakar numfashinsu, kuma a nan lissafinsu ya tsaya. Wannan ne bambancin ma'aunin Kirista da na kasuwa, kuma daga Littafi Mai Tsarki ya samo asali.

Bayi uku da jarin maigida

A Bisharar Matta, sura ta 25, Yesu ya ba da misalin wani attajiri da zai yi doguwar tafiya. Ya kira bayinsa uku ya damƙa musu dukiyarsa: na farko talanti biyar, na biyu talanti biyu, na uku ɗaya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Talanti ba ƙaramin kuɗi ba ne. Masana na ƙiyasta shi da dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa ladan lebura ne na yini guda, wato talanti ɗaya ya kusa ladan shekara ashirin. Ko wanda aka ba ɗaya ɗin ba a raina shi ba. Duk wanda ya san yadda maigida a Kantin Kwari ke ba yaransa jari, wannan dila biyar, wancan biyu, ya ce su juya sai an zo lissafi, ya riga ya fahimci tsarin.

Na farko ya juya nasa ya samu ƙarin biyar, na biyu ya samu ƙarin biyu, na uku kuwa tsoro ya sa ya haƙa rami ya binne nasa. Da maigidan ya dawo, abin lura shi ne yabon da ya yi wa mai goma shi ne ya maimaita wa mai huɗu, kalma da kalma, ba ragi ba ƙari. Bai ce wa na biyu me ya sa bai kamo na farko ba. Abin da ya yaba a wurin su biyun shi ne aminci a kan abin da aka ba su. Wanda ya sha faɗa shi ne na uku, ba don ya yi asara ba, sai don bai taɓa komai ba.

Abu biyu ne ke fitowa a nan, kuma mutane sukan riƙe ɗaya su saki ɗaya. Dukiyar ta maigida ce, ba ta bawa ba. Lafiya, basira, ilimi, muƙami, 'ya'ya, gona, duk ajiya ce a wurin mai bi, za a kuma tambaye shi. Sannan zaman banza ba ibada ba ne. Kiristan da ya naɗe hannu ya ce shi ba ruwansa da duniya, ya ƙi neman ilimi, ya ƙi sana'a, yana fakewa da tawali'u, misalin bai ba shi mafaka ba, domin shi ne bawa na uku. Manzo Bulus, da duk yawan tafiye-tafiyensa, ɗinkin tanti yake yi yana ci da kansa, ya kuma gargaɗi ikilisiyar Tasalonika cewa wanda ya ƙi aiki kada a ciyar da shi.

Mai karatu Musulmi ba zai ji maganar amana da hisabi baƙuwa a kunnensa ba. Inda Kirista ya keɓanta shi ne wanda yake kallo a matsayin cikakken misalin rayuwar da ta yi nasara. Bisa ga labarin Bishara, Yesu bai mallaki gida ba, bai riƙe sarauta ba, wa'azinsa a fili bai wuce kamar shekara uku ba, ɗaya daga cikin almajiransa ya bashe shi, sauran suka watse, aka kashe shi a kan gicciye, irin kisan da Romawa ke yi wa bayi da 'yan tawaye. Kiristoci sun gaskata ya tashi daga matattu a rana ta uku, kuma a wurinsu wannan mutuwar da ta yi kama da faɗuwa ita ce babbar nasarar da aka taɓa ci. Addinin da ya ɗauki gicciye ya zama tambarinsa ba zai iya auna mutum da abin da ke aljihunsa ba, sai in ya manta da kansa.

Shi ya sa jerin gwarzayen Littafi Mai Tsarki ke da ban mamaki. Annabi Irmiya ya yi kusan shekara arba'in yana gargaɗin mutanen Urushalima, ba su saurare shi ba. An doke shi, an sa shi a turu, an jefa shi cikin rijiya mai laka. Sarki Yehoyakim ya sa aka karanta masa littafinsa, yana yanka shi da wuƙa gunduwa-gunduwa yana jefawa a wuta. Birnin ya faɗi a hannun Babilawa kamar yadda ya faɗa, shi kuma aka tisa ƙeyarsa zuwa Masar ba da son ransa ba. Faston da zai yi shekara arba'in a yau ba a ga ƙaruwar mutane ba, da tuni dattawa sun nemi a canza shi. Amma ana lissafa Irmiya cikin manyan annabawa. Yusufu kuma, Littafin Farawa ya ce Ubangiji na tare da shi yana sa abin da ya taɓa ya yi albarka, kuma wurare biyun da aka nanata wannan magana su ne gidan Fotifar inda yake bawa, da kurkuku inda aka jefa shi bisa ƙazafi. Ba a jira sai da ya zama wazirin Fir'auna ba.

Bulus ya taɓa lissafa wa mutanen Koranti abin da ya gani a hidimarsa: bulala talatin da tara sau biyar, duka da sanda sau uku, jifa sau ɗaya, jirgi ya fashe da shi a teku sau uku, ga yunwa ga sanyi. A wasiƙarsa ta biyu ga Timoti, yana ɗaure, yana jiran hukunci, ya ce abokan tafiya sun watse sai Luka kaɗai, ya roƙi a kawo masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa da littattafansa, a kuma yi ƙoƙari a zo kafin hunturu. Tsoho ne a kurkuku yana neman abin rufa. A cikin wannan wasiƙar ce kuma ya kwatanta kansa da ɗan tseren da ya kai ƙarshen fili yana jiran rawanin nasara, ba tare da wata alamar nadama ba.

Ɗan tseren da ya ƙi gudu ran Lahadi

Maganar tsere ta kawo mu ga mutumin da ya ci nasara iri biyu, ta duniya da wadda ake magana a kai, har ana iya jera su a gani. Eric Liddell ɗan Sikotilan ne, an haife shi a birnin Tianjin na ƙasar Sin a 1902, iyayensa 'yan mishan. Yana ɗalibi a Jami'ar Edinbara ya zama wanda ya fi kowa gudu a ƙasarsa, kuma ana sa ran zai ciyo wa Birtaniya zinariya a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Paris a 1924. Da jadawali ya fito, watanni kafin gasar, sai aka ga zagayen farko na tseren ya faɗo ran Lahadi. Liddell ya ce ba zai yi gudu a ranar sujada ba. An matsa masa, wasu sun zarge shi da rashin kishin ƙasa, bai sauya ba. Ya koma ya shirya wa mita 400, wanda ba a ɗauka fagensa ba ne, ya kuma ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6, bayan tagullar da ya samu a mita 200. Fim ɗin Chariots of Fire na 1981 a kan wannan ya ginu.

Fim ɗin ya tsaya a inda ake tafi, rayuwar kuwa ta ci gaba. A 1925, yana ɗan shekara 23, sunansa na kan kowace jarida, ya tattara ya koma Sin ya zama malamin kimiyya a wata makarantar mishan a Tianjin, daga baya ya koma aikin bishara a karkara inda yaƙi ke ci. A 1941, da al'amura suka ƙazanta, ya tura matarsa mai juna biyu da 'ya'yansu mata biyu Kanada, shi ya zauna. 'Yarsa ta uku bai taɓa sa ta a ido ba. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi tare da sauran baƙi a sansanin Weihsien. Waɗanda suka zauna da shi a can sun ba da labarin yadda yake koyar da yara darussa, yana ɗaukar wa tsofaffi kaya, yana shirya wa matasa wasanni don kada zaman ƙunci ya lalata su. Ya rasu a sansanin ranar 21 ga Fabrairu, 1945, sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43, watanni kaɗan kafin a 'yantar da su.

Akwai wani ɗan labari daga sansanin da ya fi zinariyar bayyana ko shi wane ne. Yara sun nemi ya yi musu alƙalancin wasa ran Lahadi, ya ƙi, kamar yadda kowa zai zata. Suka yi wasansu su kaɗai, ya ƙare da dambe. Lahadin da ta biyo baya sai ga Liddell a fili yana alƙalanci. Abin da bai yi don zinariyar Olamfik ba, ya yi shi don kada yaran da ke tsare su ji wa juna ciwo. Wannan ya nuna tun farko ba taurin kai ba ne, ba kuma neman suna da tsoron Allah ba. Ya san abin da dokar take karewa.

Haka Yesu ya koya wa almajiransa lokacin da Yaƙub da Yohanna suka zo neman kujerun dama da hagu a mulkinsa, sauran goman suka fusata, wataƙila don an riga su tambaya. Bai tsawata musu don suna son girma ba. Ya sauya musu hanyar samunsa ne: sarakunan al'ummai suna nuna iko, amma a tsakaninsu wanda ke son zama babba sai ya zama mai yi wa saura hidima. A daren ƙarshe kuma ya ɗaura tawul ya wanke musu ƙafa, aikin da bawan gida ke yi wa baƙi.

Lokacin shaida

Duk wannan yana da daɗin faɗa. Amma wanda ya shiga majami'u da yawa a Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano ran Lahadi, ya zauna har lokacin ba da shaida, zai ji wani ma'aunin dabam yana aiki. Mutum zai karɓi makirufo ya ce a yabi Ubangiji, jama'a su amsa da halleluya, sai ya faɗi abin da Allah ya yi masa: an samu aiki, biza ta fito, an tare a sabon gida, ga mota a waje ana so Baba Fasto ya sa mata albarka. Ba laifi a gode wa Allah a kan waɗannan, rashin godiyar ne ma laifi. Sai dai da wuya a ga wanda ya tashi ya ce an ba shi cin hanci ya ƙi karɓa, aka mayar da shi wani lungu, kuma yana godiya. Matar da ta shekara goma tana jinyar surukarta ba ta hawa mumbari. Yaran da ke zaune suna kallo kuwa suna koyon wane irin labari ne ake yi wa tafi.

Bayan wannan akwai koyarwar da ake kira bisharar wadata, wadda ke cewa nufin Allah ne kowane mai bi ya yi arziki ya kuma zauna lafiya, hanyar samu kuwa ita ce bangaskiya, da furta alheri da baki, da bayarwa, abin da ake kira shuka iri. Ta yi ƙarfi a Amurka ta bakin masu wa'azi irin su Oral Roberts da Kenneth Hagin. A Najeriya Archbishop Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998, shi ne ya buɗe mata hanya, sannan Bishop David Oyedepo, wanda cocinsa na Living Faith ya yi ƙuruciyarsa a Kaduna kafin ya gina majami'a mai ɗaukar mutum 50,000 a Ota a 1999, ya zama fitaccen mai koyar da wadata.

Adalci ne a faɗi dalilin da ya sa ta samu karɓuwa. Ta bunƙasa ne a shekarun 1980, lokacin da darajar naira ta zube, masana'antu suka fara rufewa, mai digiri ya rasa aiki. Mutumin da ke hannu baka hannu ƙwarya, aka ce masa Allah bai manta da shi ba, talauci ba gadonsa ba ne, ya tashi ya nema, an ba shi abin da gwamnati ba ta ba shi ba. Da yawa sun bar giya, sun koyi tattali, sun kama sana'a ta wannan hanya, kuma waɗannan coci-coci sun gina makarantu da jami'o'i. Malaman tauhidi na Afirka da suka zauna a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009, ƙarƙashin ƙungiyar bishara ta Lausanne, sun amince da wannan ɓangaren a sanarwar da suka fitar. Amma sun yi watsi da ra'ayin cewa ana iya gane lafiyar ruhun mutum daga dukiyarsa, ko cewa ana iya sayen albarka da baiko, sun kuma nuna damuwa cewa sau da yawa mai wa'azin ne ke yin arziki, talakan da ya ba da irin yana nan inda yake.

Wasu daga cikin gidan ma sun yi gyara. Jim Bakker, wanda ya yi tashe a talabijin ɗin Amurka, an ɗaure shi a 1989 bisa laifin zamba. A kurkuku ya zauna ya karanta Bishara a tsanake, ya fito ya rubuta littafi a 1996 yana cewa abin da ya koyar game da dukiya kuskure ne. Kenneth Hagin kansa, a shekara ta 2000, ya wallafa littafi yana jan kunnen almajiransa a kan wuce gona da iri wajen neman kuɗi da sunan Allah.

Babbar illar wannan koyarwa ba a jirgin saman fasto take ba, a zuciyar wanda bai samu ba take. Idan arziki shaidar bangaskiya ne, to talauci ya zama shaidar rashinta. Gwauruwar da ta ba da ushirinta shekara da shekaru, ɗanta ya mutu a asibiti, za ta koma gida da baƙin ciki biyu: ga rashi, ga zargin kai. Wannan ita ce ainihin maganar abokan Ayuba, da suka dage cewa ba a shan wahala sai da laifi, kuma a ƙarshen littafin Allah ya ce ba su faɗi daidai ba. Yesu ma da ya zauna yana kallon masu zuba baiko a Haikali, gwauruwa mai anini biyu ya nuna, ya ce ta fi attajiran bayarwa. Labarin bai ce ta wayi gari da dukiya ba.

Ba kuma cewa ake yi dukiya ƙazanta ce ba. Ibrahim mai arziki ne. Lidiya, wadda ikilisiyar Filibi ta fara taruwa a gidanta, 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada. Attajirin da Yesu ya kira wawa a Luka sura 12 bai yi sata ba, gonarsa ce ta yi albarka. Laifinsa shi ne da ya rushe rumbuna ya gina manya, bai tuna da Allah ko maƙwabci ba, ransa kawai yake yi wa albishir, a daren kuwa aka karɓi ran. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist a Ingila, ya koya wa mabiyansa su nemi kuɗi iyakar ƙoƙarinsu ta hanyar halal, su guji almubazzaranci, sannan su bayar iyakar iyawarsu. Ya ba da labarin wani saurayi a Oxford, wanda masana tarihi ke ganin shi ne da kansa, mai samun fam 30 a shekara, yana rayuwa da 28 yana ba da 2. Da samunsa ya kai 60 bai ƙara wa kansa komai ba, ya ba da 32. Da ya kai 120 ya ba da 92. Littattafan Wesley sun kawo masa kuɗi masu yawa, amma da ya rasu a 1791 abin da ya bari bai taka kara ya karya ba, a wasiyyarsa kuma ya ce matalauta shida su ɗauki gawarsa a ba kowannensu fam guda.

Abin da Michika ta gani

Ba sai an je Ingila ko Sin ba. A arewa maso gabashin Najeriya akwai Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda ta faro da sujada a gindin wata tsamiya a Garkida a watan Maris na 1923. Ikilisiya ce ta manoma da malaman makaranta a kudancin Barno da arewacin Adamawa, kuma tun asali koyarwarta ta hana ramuwa da ɗaukar makami. Rikicin Boko Haram, wanda ya ci rayukan Musulmi da Kirista ba adadi, ya faɗa mata da nauyi. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos. Majami'unta masu yawa sun ƙone, mabiyanta suka warwatsu har Kamaru.

A farkon Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, limamin EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar Michika. Bayan 'yan kwanaki aka fitar da bidiyonsa. Yana zaune, tutar masu garkuwa da shi a bayansa, ya yi magana da Hausa da Turanci cikin natsuwa. Ya nemi a taimaka a sake shi, amma ya ce bai karaya ba domin komai na hannun Allah, ya kuma roƙi iyalinsa da abokan aikinsa kada su yi kuka, su gode wa Allah ko ya dawo ko bai dawo ba. Ranar 20 ga watan aka kashe shi.

Duk koyarwar da za a yi a kan nasara dole ta iya tsayawa a gaban matar wannan bawan Allah da 'ya'yansa. In ma'aunin shi ne tsawon rai da lafiya da abin hannu, to sai a ce musu mahaifinsu ya gaza, ko bangaskiyarsa ba ta kai ba, kuma babu Kiristan da zai iya buɗe baki ya faɗi haka. In kuwa ma'aunin shi ne abin da mutum ya yi da amanar da aka ba shi, a inda aka ajiye shi, to Andimi ya cika nasa, kamar yadda mai bishara a wani ƙauye da ba hanyar mota yake cika nasa da mutum ashirin a ƙarƙashin rumfar kara, da 'yar zumuntar matan da ke kai wa maras lafiya kunu, da ma'aikacin da ya yi ritaya ba shi da gidan kansa don bai taɓa kuɗin gwamnati ba.

EYN ta koma Kwarhi, ta yi bikin cika shekara ɗari a 2023, ana kuma ta sake gina majami'un da aka ƙone. Tun rikicin na kan ganiyarsa, wani ma'aikacinta, Markus Gamache, ya haɗa kai da abokansa Musulmi suka nemi fili a Gurku ta jihar Nasarawa, kusa da Abuja, suka gina wa 'yan gudun hijira matsuguni. Sharaɗin wurin shi ne ba a ware kowa: iyalan Kirista da na Musulmi da suka tsero daga Gwoza da Michika da Madagali suna zaune gida kusa da gida, akwai coci, akwai masallaci, yaransu na zuwa makaranta ɗaya, iyayen kuma suna noma filayen da ke kewaye.